Eriyar Jibrilla Dillalin Albasa

A duk kasuwar albasa ta Aliero babu wanda bai san Jibrilla dillali ba, kuma ba don ya fi kowa ciniki ba. An san shi ne da cewa babu abin da bai sani ba. In injin ban-ruwa ya ƙi tashi, shi ya san ciwon. In an ce ana yaƙi a wata ƙasa, ya san wanda ya fara tsokana. Ya taɓa gyara wa wani mutum agogo, tun daga ranar agogon yake nuna azahar da hantsi. Da mai agogon ya yi ƙorafi, Jibrilla ya ce ai lokacin Makka ya saita masa, sai dai in ba ya son zuwa.

Wata Lahadi da safe ya iso rumfar Ayuba tela, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na ƙuruciya, inda 'yan unguwa suke zaman hira. Ko zama bai yi ba ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku shaida. Daga yau na sallami dish."

Ayuba bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya ce, "Mi yay yi maka?"

"Sun ƙara kuɗɗin wata. Kullum ƙari! Ni kau na zauna na yi nazari. Hoton ga da suke sai da muna, ta ina shike biyowa?"

Wani tsoho ya ce, "Ta sama."

"Ta iska! Tau wa yat taɓa biyan kuɗɗin iska tun da anka haihe shi? Marasa nazari ke biya. Mai basira eriya shike kahwawa, shi kamo abinai kyauta."

Ayuba ya ce, "Lasifikar masallaci da kag gyara bara, har yau in liman ya yi tari sai ta kamo rediyo."

"Ƙarin aiki niy yi musu, ba su gode ba."

"Tau ƙwallo hwa? Ana tsakiyar gasa, kai da ko abinci ba ka ci in ana wasa."

Jibrilla ya karkaɗe hannun riga. "Ƙwallo ɓata lokaci ce. Ƙattai ashirin da biyu suna bin hwata guda! Na tuba."

Kafin azahar ya kwance dish ɗin, ya haɗa da dikoda, ya ɗaure a bayan babur sai Jega. Can ya sayar da su tun a bakin kasuwa, don kada zuciya ta raya masa ya koma. Ya dawo da eriya mai ƙarafuna kamar haƙarƙarin akuya.

Matarsa Ummukulsum ta shigo gida ta tarar da rami huɗu a jikin bango, inda dish yake a da. Ita ce shugabar matan unguwa masu sana'ar gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a dunƙule a shanya don miya. Wata uku da suka wuce ma'aikatan wata tashar talabijin sun zo sun ɗauki hotonta tana bayanin sana'ar, kuma an aiko cewa ran Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu da rabi, za a nuna. Ta sanar da matan ƙungiya. Ta aika wa mahaifiyarta a Mungadi. Ta ma ba da ɗinkin sabon mayafi, don ta zauna ta kalli kanta cikin mutunci.

Ta dubi bangon, ta dubi mijinta. "Malam, ina dish?"

"Ya yi ritaya."

"Ka tuna Asabar kau?"

"Don Asabar ɗin niy yi haka. Da dish, mutum baƙi shike hitowa. Da eriya kau, har kwallin idonki Inna za ta gani."

"Malam, na roƙe ka da girman Allah, kada ka kunyata ni gaban mutane."

"Ummu, shekara goma sha ukku muna tare. Yaushe nit taɓa kunyata ki?"

Ta buɗe baki za ta fara lissafi, sai ta ga abin zai kai su magariba, ta shige madafa.

Ran Litinin ya ari tsani ya hau kan kwano, ya kafa eriya. Ya ce Ummukulsum ta tsaya gaban talabijin.

"Ta kawo?" ya ƙwala daga sama.

"Tsaki dai nike gani, awa an watsa ma kaji."

Ya juya ta gabas. "Ta kawo?"

"Tsakin ya ƙaru."

Ya juya ta yamma. "Yanzu hwa?"

"Yanzu tsakin ya yi kala."

"Ci gaba ke nan!"

Ya sauko ya sanar cewa tsawo ne ya yi kaɗan. Ya sayo gora biyu ya haɗa baki da baki. Ya ce kuma hoto yana son abu mai ƙyalli, don haka ya kwashe murafen tukwanen gidan guda biyar, ya huda su da ƙusa, ya ɗaura. Ya ƙara da tsofaffin wayoyin ƙafar keke da farantin silba na baƙi. Ranar miyar gidan a buɗe ta dahu. Daga nesa, abin da ke tsaye a kan gidan Jibrilla ya fi kama da wanda ake kafawa a gonar gero don korar tsuntsaye, kuma gaskiya ko tsuntsu ɗaya bai sake sauka a unguwar ba. Kafin la'asar mutane sun daina ce masa sannu da aiki. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga kai ya ce, "Ta kawo?"

Ana idar da la'asar ya sauko, ya yi wanka, ya sa fuskar jimami. Ya ce wa matarsa an bugo waya, Kawu Ya'ƙub na Jega ba lafiya, dole ya riƙa leƙa shi kullum da yamma. Ummukulsum ta tausaya. Ta dama kunun tsamiya ta cika filas, ta ce a kai wa marar lafiya. Tun daga ranar, kullum sai ta dama, kullum sai ya ɗaure filas a babur ya tafi.

Ran Talata da hantsi, ana cikin iska, talabijin ta yi tari, sai ga murya. Hoto babu, amma daga cikin ƙarar shaaa ana jin wani mutum yana magana can ƙasa-ƙasa. Jibrilla ya kusa faɗowa daga tsani don murna. Ya ciccibo talabijin zuwa zaure, ya aika aka kira 'yan rumfar Ayuba.

"Ku kasa kunne. Kun san ina nik kamo? Turkiyya!"

Ayuba ya saurara kaɗan, gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne. Ya ce, "Ikon Allah. Kana jin Turkanci?"

"Abin da ba a rasa ba. Ku yi shiru in hwassara muku." Ya runtse ido, ya ɗaga yatsa. "Shina cewa... gwamnatinsu ta ƙera sabon jirgin ruwa. Mai hawa tara. Shina cewa duk mai son zuwa Umara shi kawo hoto biyu."

Mutane suka yi ta jinjina kai. Ana cikin haka sai Gudiya, Bafillatanar da ke kawo nono unguwar, ta sauke ƙwarya a bakin zaure. Ta tsaya ta karkata kunne, sai ta ce, "Allah shi saka, Alhaji. Da ban biyo ta nan ba da ban ji ba."

"Kin ji mi?"

"Hillanci na. Cewa shike ran Laraba za a yi ma shanu allurar rigakafi a Maiyama, kowa shi kai nashi da sahe."

Zaure ya kece da dariya. Ayuba ya share hawaye da tsumman ɗinki ya ce, "Jirgin mai hawa tara, shanun a wane hawa za a sa su?"

Jibrilla ko gezau bai yi ba. "Turkawa da Hillani asalinsu guda. Ku riƙa karanta tarihi."

Ran Laraba ya ƙara gora ta uku. Da rana tsaka iska ta taso daga gabas, gororin suka yi ruku'u, suka yi sujada, eriya ta tsallake katanga ta faɗa gidan Ayuba, daidai kan ragon da yake kiwo. Ƙarafunan suka sarƙe a ƙaho. Rago ya ji murafe biyar suna kaɗawa a kansa, ya tsinke igiya, ya fita a guje. Duk inda ya juya ƙarar tana biye da shi, shi kuma yana ƙara wuta. Ya ratsa layin masu ɗinkin buhu, ya watsa tulin albasar da aka kwana biyu ana tsincewa, jakai uku suka zubar da kaya. Jibrilla na biye da shi ba hula, yana ihu, "Ku tare! Ku bi a hankali, kada ku lanƙwasa mani eriya!"

Sai a bakin rijiya aka kama ragon. Ayuba ya iso yana haki, ya duba dabbarsa ƙafa da ƙafa, sannan ya juyo.

"Jibrilla, tun Litinin kake nema ba ka samu ba. Ragona cikin minti biyar ya kai eriyar ga ko'ina cikin Aliero. In da hoto a iskar garin ga, da ya kamo."

Ran Alhamis Jibrilla ya kwashi abin da ya rage na eriya ya kai wa Nuraddeen, mai shagon kayan lantarki a Jega, ya ce jabu aka sayar masa. Nuraddeen ya tambayi wace tasha yake nema. Da ya ji sunanta sai ya girgiza kai.

"Alhaji, tashar ga ba ta bin eriya ko kaɗan. Ko bisa hasumiya kak kahwa ta. Sai dish, ko kau ka kalla ta waya."

Jibrilla ya gyara hula ya ce, "Na sani. Gwada ka nike."

Nuraddeen ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ya ce in aka soka ta a bayan talabijin, abin da ke kan waya zai fito a babban gilashi. "Amma Alhaji, ka kula, kahin ka haɗa sai ka..."

"Yaro, tun kana goye nike haɗa waya da waya. Naɗe mani."

Ya dawo Aliero yana cewa dama eriya share fage ce, zamani ya wuce ta. Ya bi gida-gida yana gayyata. Har mai unguwa ya gaya wa cewa ran Asabar za a ga yadda ake kallo ba a biya kowa ko sisi ba. Kuɗin data da ya loda kuwa, ya ce wannan ba biya ba ne, sadaka ce ga masu kamfani.

Ran Asabar tun azahar Inna Adama, mahaifiyar Ummukulsum, ta iso daga Mungadi da mata uku da ƙanenta na Maiyama. Jibrilla ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta. Ta miƙo kwalbar zuma ta ce ta ji labarin Kawu, a kai masa ya riƙa lasa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce jikin da sauƙi, sai dai godiya.

Gidan ba zai ɗauki jama'a ba, don haka aka shirya a filin bayan gida, inda mata ke shanya gabu. Mata a kan tabarmi ta dama, maza a kan benci ta hagu, mai unguwa a kujerar roba. Talabijin a kan tebur, ga batirin sola, ga wata ƙatuwar sifika da Jibrilla ya aro don na baya su ji. Ummukulsum ta zauna kusa da mahaifiyarta cikin sabon mayafi.

Sai aka gano sabis ɗin waya ba ya sauka ƙasa a filin. Jibrilla ya zaga da waya a sama kamar mai neman wata, har ya samu sanda biyu na sabis a saman katanga. Ya jingina tsani, ya hau har matakin ƙarshe, ya miƙa hannu. A gindin tsanin akwai babban daro cike da dakakken ganyen albasa, wanda mata suka bari sai an gama kallo su dunƙule.

Ƙarfe huɗu da rabi, gilashi ya yi haske. Ga tambarin tasha, ga kiɗa. Mata suka rangaɗa guɗa. Jibrilla ya leƙo daga sama ya ce, "Ayuba, ina bakin naka?"

Sai ga Ummukulsum a cikin talabijin, tsaye gaban turmi. Ta ce, "Sunana Ummu..." Nan hoton ya daskare, baki a karkace, ido ɗaya a rufe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinta.

Inna Adama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mi yas samu ɗiyata?"

"Inna, ga ni nan kusa gare ki."

"Ke yi shiru, ba da ke nike ba, da waccan nike!"

Jibrilla ya ce, "Kowa shi natsu. Numfashi take, yanzu za ta ci gaba."

Zoben ya juya, ya juya. Hoton ya motsa, Ummukulsum ta ce "...kulsum," ya sake tsayawa. Mai unguwa ya duba agogo. Wani daga baya ya ce a haka sai Sallah za ta kai ga sunan mahaifinta.

Sai wani saƙo ya sauko daga saman gilashin, da manyan baƙaƙe yadda kowa zai gani. Ayuba ya miƙa wuya ya karanta da ƙarfi: "Bature Gidan Kallo Jega. Saƙon murya."

Jibrilla ya kai babban yatsa da sauri don ya share. Yatsan da gumi. Maimakon ya share, sai ya danna. Ƙatuwar sifikar nan ta buɗe baki, har a bakin titi ana ji:

"Salamu alaikum, Alhaji Jibrilla, Bature na, na gidan kallo. Yau ƙarhe biyar za a take wasa, mun aje maka kujerarka ta gaba. Jiya ka mance filas ɗinka. Kunun ga da kake kawo muna kullum, wallahi 'yan kallo sun yaba, a gai da uwargida. Sun ce dai in da hali a ɗan ƙara tsamiya."

Kowa ya juyo ya dubi Ummukulsum.

Ummukulsum ta gyara mayafi a hankali, ta ce, "Allah shi ba Kawu lahiya."

Ayuba ya ce, "Amin. Ashe Kawun da yawa shike, ya kai benci takwas. Shi yas sa ba a ganinka gidan kallon Aliero, tuban naka na cikin gari na."

Inna Adama ba ta dubi surukinta ba. Ta ce wa ƙanenta, "Tashi ka amso mani zumata."

Jibrilla ya yi ihu daga saman tsani, "Kutse na! An yi mani kutse a waya! Maƙiya na!" Ya shiga danne-danne da yatsu biyu. Saƙon ya ɓace, kyamara ta buɗe. Gilashin talabijin ya cika da ƙofofin hanci biyu, kowace kamar bakin rijiya, da gashin baki yana ɗigar da gumi.

Wani ya ce, "An kamo sabuwar tasha!"

Dariya ta ɓarke, har mai unguwa ya rufe fuska da hula. Jibrilla ya juyo don ya ga abin da ake wa dariya, ya manta inda yake tsaye. Tsani ya zame. Ya tafi da baya, ya zauna daɓas a cikin daron ganyen albasa, ƙafafu a sama. Waya ta yi nata waje, ta bugi katanga, gilashin talabijin ya yi baƙi.

Ummukulsum ba ta yi dariya ba. Ta dubi baƙin gilashin, ta dubi matan ƙungiya da suka bar aikinsu suka zo, idonta ya cika da hawaye. Zubaida, matar Ayuba, ta lura. Ta miƙe ta kama hannunta.

"Tashi, Ummu. Dish ɗinmu na nan, an biya. In munka yi sauri za mu iske saura."

Nan take fili ya watse. Mata suka ɗunguma cikin ɗakin Zubaida, maza suka cunkushe a bakin tagar da ke kallon titi. Aka kunna, hoto ya fito tas. Ga Ummukulsum tana nuna yadda ake dunƙula gabu, tana bayani a natse ba gargada, yadda sana'ar ta sa mata goma sha bakwai suka sayi awaki, wasu suka sa 'ya'ya makaranta. Inna Adama tana share ido tana cewa, "Wagga ita ce ɗiyata."

Jibrilla ya iso daga ƙarshe yana ɗingishi, kore shar daga ƙugu zuwa ƙeya, yana warin da ya sa mutane suka buɗa masa hanya ba tare da ya roƙa ba. Ya tsaya a bakin taga daidai lokacin da mai gabatarwa ke yin tambayar ƙarshe: wa ya fi ba ta goyon baya a wannan sana'a?

Ummukulsum ta cikin talabijin ta sunkuyar da kai cikin kunya, ta yi murmushi, ta ce, "Maigidana. Mutum na mai gaskiya da basira. Duk abin da yat taɓa sai ya gyaru."

Ɗaki da waje suka ɗauka gaba ɗaya. Ayuba ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Jibrilla kuwa ya miƙe ƙirji, ya ciro wani ganyen albasa daga bayan kunne ya yar, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji da kunnenku. Ba ni nih hwaɗa ba, talabijin ta hwaɗa. Duniya duk ta ji."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Ummukulsum, ta gaske, tana magana da mahaifiyarta, amma yadda za ta fito ta taga:

"Inna, in masu talabijin sunka dawo wata shekara, ki tuna mani in ce su sake yi mani wannan tambayar tun daga hwarko."